Hanjin da Rabi Ta Rataye a Falo

Ina zuba wa baƙi fura sai na ga Hajiya, gwaggon yaron da ke neman 'yata Rabi, ta ƙura wa bango ido. Ashe Rabi ta rataye zanenta na makaranta, hoton mutum da hanjinsa ya naɗe har ƙwaƙwalwa.

Hajiya ta ce, "Maman Rabi, ba a gaya mana gidan mahauta ba ne."

A raina na ce aure ya watse. Sai ga muryar Rabi daga ƙofa, ko kunya babu: "Gwaggo, kimiyya ce. Ciki da ƙwaƙwalwa suna magana."

Hajiya ta ajiye ludayi. "Ai tsohon zance ne. Kakanmu a Barkiya, farkon zuwan Turawa, tun Bature bai baro Kurfi ba cikin kakan namu ke murɗawa. Da an ga ya ruga daji da buta, sai a ɓoye samari kar a kwashe su dako."

Har ta ce a sa zanen cikin kayan ɗaki.

Duk da haka Rabi ta sha faɗa. Iyaye mata, ku tsawata wa yaranku, don ba kowane gidan miji ke da kaka mai zawo ba. Ko na yi ƙarya?