Akushin Kaka Hajo

Da damanar bana kakata Hajo ta cika shekara arba'in a ƙasa. Ta rasu a ɗakinta na Mungadi, a kan tabarmarta, kamar yadda ta yi ta roƙon Allah.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Ana ɗibar maza ɗaukar kaya da gyaran hanya, mahaifina kuwa ya koma Jega fatauci. Ya zo da jaki zai tafi da ita, ta dube shi ta ce, "Ni ba ni zuwa. Nan mijina yab bar ni, nan za a ɗauke ni." Hajo ba ta da sauƙi, in ta kafe ko limami sai ya haƙura.

Unguwa ce ta riƙe ta. Kafin ruwa ya sauka a yi gayya a gyara mata rufi, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wata Bafulatana takan ajiye mata nono in ta biyo. Tuwo kuwa Tumba ke kawowa, amaryar maƙwabcinta, a akushin Hajo da ke kai da komo tsakaninsu, ko da ana tsuga ruwa. Sharaɗin Hajo ɗaya ne, akushi ba ya komawa wofi. Ta saka daddawa, ko zaren da ta kaɗa, ko albasa biyu. Da haka ta ci tuwon mutane har ta mutu ba ta taɓa jin ita abar tausayi ba ce.

Watan jiya na biya Mungadi daga cinikin albasa a Aliero, na tambayi Tumba. Na same ta ita kaɗai, ido ya yi rauni, rabin jinkarta ya zube, ta tara ƙore a tsakar ɗaki don yoyo. 'Ya'yanta na birni sun aiko cewa in rufin ya ƙarasa faɗuwa za su zo su ɗauke ta, ita kuwa ba ta son tashi. Ba wanda ya kira gayya. Mu jikokin Hajo muna nan Jega, tafiyar wuni guda, ba mu ma san tana raye ba. Zumunta a ƙafa take, mu tamu ta gurgunce. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Da Hajo na nan, da sai ta wanke mu tas a bainar jama'a, kuma da ta yi daidai.

Na tara ƙannena, muka sayi ciyawa, samarin unguwa suka ɗaga jinka. Na roƙi matar maƙwabcin Tumba ta riƙa kai mata tuwo, hatsin daga gare mu. Ran farko ni na kai da hannuna, a cikin tsohon akushin kakata, abin da kawai na gada daga gare ta.

Tumba ta shafa bakinsa da yatsu, ta gane tsagar da ke gefe. Ta ce, "Akushin Hajo na yad dawo? Lalle ya daɗe bisa hanya."

Da ta gama ci, ta lalubo albasa biyu ta saka a ciki, ta miƙo mini.