Matar da Ta Ƙirga Waɗanda Na'ura Ta Ƙi

Ƙarfe bakwai da rabi take shiga cibiyar bincike ta jami'a, kafin mai shara ya gama da baranda. Ba ta zama. Kujerarta ta koma wurin ajiye jaka, shayinta kuwa kullum a kan tebur yake hucewa. A tsaye take duba jerin gidajen da za ta shiga, tana kaɗa mukulli, tana leƙen direba ta taga. Shekara ashirin da shida tana bin mutane gida-gida da tambayoyin malamai, har ɗalibai suka manta ainihin sunanta, sai dai Anti Tashi-mu-je.

Ita ba farfesa ba ce, sunanta bai taɓa hawa bangon rahoto ba. Amma duk wanda ya yi aiki a cibiyar nan ya san abin da ta yi shekara uku da suka wuce.

A lokacin an kawo doka cewa mai karɓar magani duk wata a asibiti sai ya ɗora yatsa a na'ura. Aka ba cibiyar aikin binciko ko tsarin yana tafiya daidai. Aka raba wa masu tambaya kwamfutar hannu, ita ma ba ta buɗe tambayoyi sai mai amsawa ya ɗora yatsa, shaidar ya yarda. Wanda nasa bai hau ba, a wuce gida na gaba. Ilimi fa ke nan!

A kwana na uku ta tarar da wani tsohon magini a ƙofar gidansa, siminti ya cinye zanen yatsunsa tas. Ta gwada goman, ko ɗaya bai hau ba.

"'Yar nan, kar ki wahalar da kanki," in ji shi. "Ta asibiti ma haka ta yi min. Wata biyu ban karɓi maganin sukari ba. Ni da na gina rabin layin nan, wai babu ni."

"Akwai ka, Baba. Faɗa min, ina rubutawa."

Ta ajiye kwamfutar, ta zaro littafi da biro. Daga ranar duk wanda na'ura ta ƙi, littafi ya karɓa: masu wanki, magina, tsofaffin da fatarsu ta saki. Mutum ɗari biyu da sha huɗu.

Ranar taron ƙarshe farfesan da ke jagorantar aikin ya sanar cewa kashi casa'in da bakwai cikin ɗari sun gamsu da tsarin. Aka fara tafi. Ita tana tsaye a bakin ƙofa kamar kullum.

"Ranka ya daɗe, waɗanda na'ura ta karɓa kaɗai muka tambaya ko tana karɓa."

Farfesa ya ce saura kwana huɗu a miƙa rahoto, kuma waɗanda na'ura ta ƙi ba su cika sharaɗi ba. Ba ta yi gardama ba. Ta zube littattafai biyar a gabansa, ta buɗe shafin maginin. Ya cire tabarau, ya ja littafin kusa, ya karanta. A yaba masa, ya ɗaga ranar, aka sake rahoton daga tushe.

An gyara dokar, yanzu kati mai hoto ma ya isa. Sai dai gyaran ya ɗauki wata bakwai, kafin nan an yanke wa maginin ƙafar hagu. Wannan ne abin da ke cin ranta har yau, ko an yabe ta sai ta ce, "Wata bakwai fa."

Anti, ke ce kika ƙi wucewa gida na gaba. Ke ce mai takalmin da ba ya shekara. Mu muna da allo da lambobi, ke kika san fuskokin.

Jiya aka yi mata taron ritaya. Maginin ya zo da sandunansa, ya kama hannunta da yatsun nan nasa. Farfesa na tsakiyar jawabi aka nemi mai taro aka rasa. Direba ya hango ta a bakin titi tana tsayar da mota. Cikin mutanen littafinta, goma sha tara sun tashi daga gidajensu, ba ta tabbatar sun ji an gyara dokar ba.

"Anti, ai kin gama aiki!" ya ƙwala mata.

"Su sun sani?"

Mun gode, Anti, Allah ya ƙara wa ƙafafun nan lafiya. Ku kuma masu bincike da ke tasowa, kafin ku tafa wa lambar da ta yi muku daɗi, ku tashi ku je ku ga wanda ba a ƙirga ba. Ita dai saura mata goma sha tara.