Robar Ƙafar Mota da Ƙugun Gwaggo

Mun tashi daga Sakkwato ana idar da sallar asuba ranar Lahadi, ni da ƙanena, mota ta kwana tana shan caji. Masu bibiyata sun san ta, 'yar lantarkin nan da na ishe ku da labarinta tun bara. Ba yawo ya fitar da mu ba. Gwaggonmu, yayar mahaifinmu da ke Illela, ta zame a bakin rijiya da damina ta bugu a ƙugu. An taɓa ɗauko ta a motar haya za a kawo ta asibiti, ba su ko kai Gwadabawa ba ta sa aka juya da ita, ta ce ita da mota har abada. Tun lokacin tana kwance. Da kyar na samu likitan ƙashi ya ba mu safiyar Litinin, da kyar kuma na lallashe ta ta waya, na ce tawa motar ba ta ƙara, ba ta girgiza, sai ka ce mutum na zaune a kan katifarsa.

Hanya da safe daɗi gare ta. An gama yankan gero, dammuna jingine a gonaki, motocin 'yan kasuwa sai wuce mu suke don ranar kasuwar Illela ce. 'Yan bumburutu na ɗaga mana galan, ni kuwa ina ɗaga musu hannu irin na wanda ya ƙoshi ya wuce mai tuwo. A Kware muka tsaya shan shayi, mai shayin ya bar tukunyarsa ya zagaye motar yana neman salansar da hayaƙi ke fita. A wani shinge kuma jami'in bai tambayi takarda ba, cewa ya yi in buɗe gaba. Ya leƙa, bai ga inji ba, ya ce Allah mai iko, ya kira abokan aikinsa su ma su gani.

Bayan Gwadabawa aka yi ta. Ina ƙoƙarin wuce wata tirela sai ga rami, ƙafar hagu ta gaba ta faɗa, gwaram! Daga nan mota ta koyi magana. Ko tsakuwa muka taka sai mu ji ƙwas-ƙwas, sitiyari kuma na ja gefe. Da motar fetur ce, rurin inji zai rufa mata asiri. Wannan kuwa da ba ta da inji, komai a kunnenka yake. Ƙanena, wanda ba ya raina abin dariya, ya ce, “Yaya, katifar taka ta fara tari.” Ni dai ban taya shi dariya ba, don na san halin Gwaggo.

Ilai kuwa. Muna shiga ɗakinta, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, “Wagga ita ce motar da kac ce ba ta magana? Ai tun daga bakin masallaci nika jin ta tana gaida mutane.” Na roƙe ta ta ba ni zuwa yamma. Sai ta sa aka ciko kwanon sha da ruwa, saura kaurin yatsa ya kai baki. Ta ce in na gyara, in ɗora shi a kujerar da za ta zauna, in zagaya ta hanyar kasuwa in dawo. “Abin da yas sami ruwan ga, ɗana, shi ka samun ƙuguna.”

Muka nufi gareji. Bakaniken ya ce bai taɓa taɓa irinta ba, amma ƙafa ƙafa ce. Ya jawo jak zai cusa a tsakiyar cikinta, wallahi ban san lokacin da na yi tsalle ba, don batirin ne shimfiɗe a ƙasan gaba ɗaya. Na nuna masa gefen da ake ɗagawa. Da aka cire taya sai ga ɓarnar: ƙarfen da ke riƙe ƙafa da gangar jiki, wanda suke kira lowa'am, ya lanƙwashe, bushin ɗinsa, wato robar da ke bakinsa, ta yage. Na ɗaya gefen ma ya tsattsage, ashe nauyin batiri ya daɗe yana cin su. Da ya ce da wuta suke ƙone tsohuwar roba, sai na sa aka kai aikin tsallaken titi. Ni da wuta kusa da batiri, a kai kasuwa!

Muka ɗauki tsohon ƙarfen a matsayin samfur muka shiga gari. Illela ranar kasuwa sai wanda ya gani. Raƙuma da shanu sun tare hanya, warin albasa ya cika ko'ina, ga dogon burodin Ƙonni ta tsallaken iyaka a kan tire. Ka tambayi kuɗin abu, mai shi ya dube ka ya ce da naira ko da sefa, kafin ka amsa ya gama lissafin duka biyun a ka. A layin masu kayan mota muka samu wani Alhaji da ya zazzage mana buhu guda na tokumbo, wato tsofaffin kayan waje. Aka yi ta gwadawa har aka dace da ƙarafa biyu da ramukansu suka hau daidai, ɗaya na gwangwani mara nauyi, ɗaya mai kauri. Na ɗauki mai kaurin, don motata ta fi 'yan uwanta masu shan fetur nauyi.

Sai roba. Iri uku ya baje mana. Akwai wadda ake yankowa daga tsohuwar tayar tirela, arha kamar banza. Akwai baƙa mai laushi, ya ce damina ɗaya ko biyu za ta yi. Sai wata ja mai sheƙi, tauri kamar ƙashi, ta fi su tsada, ya ce ita kam har in sayar da motar ba ta san an yi ba. Ni kuwa da son abin da zai daɗe, ban tsaya wata-wata ba na ce a ba ni ja.

Aka ɗaura, muka ɗora kwano a kujerar baya. Ƙwas-ƙwas ta tafi kam, sitiyari ya miƙe, amma jama'a, kowace tsakuwa sai na ji ta a haƙorina. Ba mu kai kwanar kasuwa ba rabin ruwan ya koma kan kujera. Ƙanena ya ce mu ƙara ruwa kawai, wa zai sani? Na ce ƙugun Gwaggo zai sani, tun kafin mu fita Illela. Raina ya ɓaci ƙwarai, ga azahar ta wuce.

Muka koma wurin Alhaji. Ya yi dariya ya ce ja kam ta sha guduma, ba ta dawowa buhu, amma ya yi mini sauƙi a baƙar. Muna jiran aiki muka ci balangu mai zafi muka kora da fura da nono, irin wadda cokali ke tsayawa a ciki. Bakaniken bai ƙarasa ɗaure notuna ba sai da ya sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, ya ce in aka ɗaure tana rataye robar murɗewa take ta yage. Muka sake zagaye bayan la'asar. Ruwa ya yi ta rawa a kwano, amma ko ɗigo bai fita ba. Gwaggo ta tsoma yatsa ta auna, ta ce, “To, Allah shi kai mu.”

Litinin da sassafe muka jera mata matasai muka kamo hanya. Tuƙin da na yi ranar, har masu babur ɗauke da buhuna wuce mu suke suna waige. Idona rabi a titi, rabi a madubi. Ta runtse ido tana jan carbi, ba ta ce uffan ba har muka shiga Sakkwato. Likita ya duba hoto ya ce tsagewa ce, ba sai an yi aiki ba, amma da an ƙara jinkiri da labarin ya sauya. Na yi hamdala har ban san adadi ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, kafin ka tambayi mai kaya wanne ya fi ƙarko, ka tambayi kanka wa zai zauna a motar. Baƙar roba ba za ta daɗe ba, na sani, in ta mutu in sake wata.

Da muka iso ƙofar gidana za mu sauke ta, sai ta riƙe hannuna. Ta ce ba zafin ne ya hana ta mota ba. A waccan tafiyar, in ji ta, ihu ta yi ta yi a gaban maza baƙi, ita da ta haihu bakwai ba a ji muryarta ba, kunyar ce ta kwantar da ita fiye da ciwon. Ta share ido da bakin mayafi ta ce, “Yau kam ban kunyata ba, ɗana. Allah shi yi ma albarka.” Ƙanena mai dariya ya juya baya, wai yana neman sandarta a but ɗin mota.