Ranar da Taguwa Ta Cinye Rumfarmu

Ko hankalina ya gushe don tsufa, ba na jin zan manta da ranar da surukata ta sauka a sabon gidanmu. Lokacin Dakoro, inda muke zaune, ba ta wuce rijiya da 'yan gidaje ba, Nasara ma ba mu taɓa ganinsu ba. Ni 'yar manoma ce daga kudu, maigidana kuwa Buzu ne da ya bar kiwo ya kama noma. Uwarsa tana can arewa a bukkar fata, ƙafafunta sun gaji da bin raƙuma, amma ta ce ba za ta shiga ɗakin ƙasa ba sai ranar da aka kai ta kabari. Da ƙyar ta yarda ta zo ta ga gidan. Mun sani sarai, in bai yi mata ba ta koma, da wuya mu sake ganinta da rai.

Saboda ita maigida ya gina faffaɗan dakali a gindin wani gawo, ya yaɓe shi sumul. Inuwa ce mai daɗi, har mu kanmu muka ƙaurace wa ɗaki. Daga nan rigima ta tashi: a yi masa rumfa ko a bar shi haka? Ni na ce a rufe, don gawo da damina yake zubar da ganye, tsohuwa za ta sha rana da ruwa. Shi ya ce in Inna ta ɗaga kai ta ga rufi, ko ruwa ba za ta sha ba za ta juya. Ni kuma ba a kayar da ni a magana. Muka yi ta yi a kan tuwo, muka yi a gona, har maƙwabta suka rabu biyu, wasu nawa wasu nasa.

A ƙarshe muka yi abin da har yau in na tuna sai na yi dariya. Aka kafa dirkoki ko'ina, aka rufe rabi, aka bar rabi. Don in nuna gefena ya fi, na sa aka shimfiɗa sabon karan gero, na tula harawar wake a kai, kore shar, tana ƙamshi. Kowa ya wuce sai ya tambaye mu ko kara ne ya ƙare.

Ranar zuwanta, da hantsi, sai ga ta a kan wata farar taguwa mai dogon wuya. Murna ta hana ni tsayuwa wuri ɗaya, na yi guɗa, na ruga na kawo fura na zubar da rabi a hanya. Aka sauke ta, maigida ya durƙusa yana gaisuwa, gaisuwar Buzaye kuwa ba ta ƙarewa. Ba wanda ya tuna da taguwa. Sai muka ji ƙurus-ƙurus a bisa kanmu. Na ɗaga ido, ga baiwar Allah ta miƙa wuya ta kama harawata. Ta finciko dami guda, kara ya biyo, rufin duka ya zubo mana. Maigida ya fito da kara a rawani yana ihu, ni ina jan akala, taguwa ko a jikinta, tauna kawai take.

Na ce shi ke nan, mun rasa tsohuwa. Na juya da hawaye, sai na tarar tana riƙe da ciki, dariya ta hana ta numfashi. Da ta samu kanta ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, wa ya ce ku yi wannan aiki?"

Na ce, "Inna, don ke muka yi. Ni na ce a ruhe, shi ya ce a bari."

Ta harari ɗanta. "Kai ko ka san mu. Yaushe ka ga namiji ya ruhe ma mace wurin kwananta? Wurinmu mace ke kafa bukkarta da kanta. Ashe noma shina sa mantuwa."

Ta tashi tana ɗingishi, ta girgiza dirkokin ɗaya bayan ɗaya, ta ce waɗannan dai sun yi. Ta sa aka kwance kayanta, sai ga jar fatar bukkarta, wadda aka kai ta aure da ita. Ta miƙo mini gefe ta ce in ja. Mu biyu muka ɗaura ta a kan dirkokin, maigida yana gefe ba a ko bari ya taɓa igiya ba. Da muka gama ta hau dakalin, ta miƙe ƙafa, ta ce a kawo sauran furar. A nan na san ta zauna, na ji kamar in taka rawa, kuma na taka.

A wurin ta ƙarasa kwanakinta, in ta ga dama ta yaye fatar, in ta ga dama ta rufe. Tun daga ranar, in zan yi wa mutum alheri sai na fara tambayarsa yadda yake so, don mu mun kusa korar tsohuwa da ƙaunar da ba mu shawarce ta a kai ba.