Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Taɓarya ce ta suɓuce, ta bugi bakin turmi, ta gangara ƙasa. Da wannan 'yar ƙara abin ya fara, kuma har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da shi ba.

Lokacin ina amarya a Toranke, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. 'Yar Gaya ce ni, na yi sakandaren 'yan mata a Kano, shi ya sa matan gidan ke kirana 'yar boko, rabi wasa rabi gaske. Da na leƙo, sai na ga faccalata, matar yayan maigidana, dafe da turmi tana haki. Ciki ne a gabanta tulele, wata goma sha shida ana jiran sa. Shekararta tara da aure ba haihuwa, don haka ba mai maganar cikin nan sai da addu'a. Ungozoma ta riga ta yanke: ciki ne ya kwanta, ranar da Allah ya so zai tashi. Ana ta ba ta jiƙo da rubutu.

Ni kuwa na daɗe ina ganin abin da bai dace da karatuna ba. A makaranta, malamarmu ta ilimin jikin ɗan Adam takan rataye babban zane, ta nuna mana mahaifa da yadda ɗa ke girma wata bayan wata. 'Yan aji su yi ta sunne kai suna dariya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa sai in saki baki, don abin da mahaifina ya karantar da ni ne nake gani a zane: ɗigon ruwa, gudan jini, tsoka, sannan ƙashi. Malamar ta ce wajen wata biyar uwa kan ji motsi, kuma zuciyar ɗan tana bugawa da sauri fiye da ta babba. Faccalata kuwa kowane wata sai ta yi kwanakin rashin salla, wuyanta da damatsanta sai ramewa suke, cikin kuma ya karkata gefen dama.

Na kama ta na kai ta ɗaki, na ba ta ruwa. Na ce, "Yaya, yana motsi kuwa?"

Ta ce, "Ke dai 'yar boko da tambaya. Mai barci yana motsi ne?"

Na ce, "Ko mai barci ai zuciyarsa ba ta barci."

Na ɗauko mazurarin zuba mai na wanke shi tas, don ya yi kama da abin da muka ga ana sauraren ciki da shi a asibiti. Allah da ikonsa, wata maƙwabciya mai cikin wata takwas ta shigo aron rariya. A kanta na fara. Sai da na lalube cikin nan sosai kafin in ji bugun zuciyar ɗan, kamar agogo a ƙarƙashin matashi. Na sa faccalata ta kara kunne, ta ji, har ta yi murmushi. Sannan ita ma faccalar ta kwanta na koma kanta. Sama, ƙasa, dama, hagu, ban ji komai ba sai kukan hanji.

Ta riƙe mini hannu. "Kin ji shi?"

Wallahi na so in ce na ji. Na ce, "Yaya, ni ba likita ba ce, kunnena na iya kuskure. Amma ban ji kowa ba, kuma ina tsoron abin nan cin ki yake yi."

Ta juya fuska bango, ta ce, "Ke da ko ɓari ba ki taɓa yi ba." Kwana uku ba ta amsa gaisuwata. Surukata ta tare ni a bakin murhu, ta ce, "Yanzu bokon har ya kai ku leƙa gaibu?"

Ban ja da ita ba, ban kuma janye ba, don hakin faccalata kullum ƙaruwa yake. Na yi abin da amarya ba ta yi: na durƙusa a bayan ƙofar zaure bayan almuru... a'a, da hantsi ne, bayan surukina, malamin unguwar, ya sallami masu ɗaukar karatu. Na ce, "Baba, ban zo musun abin da malamai suka faɗa ba. Roƙona a kai ta a duba. In ɗa ne, dubawa ba za ta hana shi tashi ba. In ciwo ne, jira zai raba mu da ita."

Ya ja carbinsa. Ya ce, "Na karanta cewa ciki kan kwanta. Amma ban karanta cewa duk kumburi ciki ba ne. Ki ce wa mijinta ina kira."

A kan jaki aka kai ta Gaya, daga nan muka hau babbar mota zuwa Kano. Likita ya ce ƙari ne mai ruwa ya fito a jikin ƙwan haihuwarta na dama. Aka yi aiki aka cire shi, ya kusa cika ƙwarya. Ya ce na hagun lafiyarsa lau. Da ta farfaɗo, hannuna ta fara nema. Na miƙa mata, ta riƙe shi gam.

Abin da na koya shi ne, tausayi ba ya nufin gaya wa mutum abin da yake son ji. Kuma sanin yadda Allah ya tsara jikinmu ba rashin kunya ba ne, amana ce, in ka ɓoye ta za a tambaye ka.

Bayan shekara biyu faccalata ta haifi 'ya mace, wata tara cif. Wata rana, yarinyar tana da shekara shida, ina yi mata kitso, sai ta waigo da rabin kai a tsefe, ta ce, "Inna ƙarama, wai ke kika sa aka share mini ɗaki a cikin innata kafin in zo?"