Ladabin Jikan Inna Tas-tas

Inna Tas-tas ta ƙare ƙuruciyarta a ɗakin wanki na wani otal, tsakanin kumfa da dutsen guga. A can aka laƙaba mata sunan, don zanin gadon da ya bi ta hannunta sai ya fito tas, kuma ko bayan ta bar aiki ba ta sa komai sai fari. In ka zauna a kujerarta, kana tashi za ta bi wurin da ido. Mutuniyar kirki ce, amma ka shirya shan mita in ka ɗiga mata shayi a tabarma.

'Ya'ya maza shida ta haifa, kuma har gobe tana ƙorafi a kansu. Ta ce babu wanda bai tsula mata fitsari a fuska ba lokacin da yake jariri, da an kwance nafkin sai ka ce an buɗe famfo. Saboda haka da autanta ya samu ɗa namiji, ta karɓi jikan tana kare fuska da gwiwar hannu. Shiru. Yaro ya yi ɗan nishi, ya murtuke, fitsari ya ɗiɗɗigo a hankali ya tsaya.

Shi ke nan Inna ta samu abin faɗi. Mai kanti ya ji, maƙwabta sun ji har sun gaji. "Ni dai na yi miji mai ladabi," in ji ta. "Ubansa ma bai kai shi natsuwa ba."

Matsala ɗaya ce, maigidan nata ba ya rabuwa da zazzaɓi. A je asibiti, a auna fitsari, a ce ƙwayoyin cuta sun shiga, a sha magani ya warke, a ɗan jima kuma jiki ya sake ɗaukar zafi. Inna ta ɗora laifin a kan wankin surukarta. Ta karɓe nafkin ɗin gaba ɗaya, tana dafawa, tana shanyawa, tana gogewa. Zazzaɓi bai san ana yi ba, ya dawo karo na uku.

Wannan karon ta bi su asibitin da kanta. Likitar ta duba yaron, sannan ta tambayi uwar yadda yake fitsari.

"Yana yi, likita. Kullum nafkin a jiƙe yake."

"Kin taɓa ganin fitarsa? Da ƙarfi yake zuwa ko ɗigo-ɗigo?"

Surukar ta kalli Inna, don ita ke canza masa. Inna kuwa ta gyara zama, an zo inda take so.

"Ai wannan yaron, 'yar nan, bai taɓa ɓata wa kowa riga ba. Sai ya yi nishi tukuna, sannan ya ɗiga kaɗan-kaɗan kamar mai jin kunya."

Likitar ta ajiye biro. "Mama, tun yaushe?"

"Tun da aka haife shi."

Ta yi musu bayani a hankali. Jariri namiji mai lafiya tsartuwa fitsarinsa yake yi. Wani akan haife shi da 'yar tsoka da ta tare hanya, sai mafitsara ta kasa juye abin da ke cikinta. Ragowar da ta kwanta ita ke tara cuta, kuma in aka bari tana iya komawa sama ta taɓa ƙoda. Za a ɗauki hoto a tabbatar.

Suka kamo hanyar gida. Tsoro ya kama Inna sosai, ga kunya, wai abin da ta cika unguwa da yabonsa ashe wahala yaron ke sha a gaban idonta. Hoto ya nuna tsokar tana nan. Aka yi masa ɗan aiki aka buɗe hanyar, aka ce ƙoda ta ɗan ji jiki, za a ci gaba da dubawa. Aka kuma ba su aikin gida: su sa ido su ga yadda fitsarin ke fita.

Washegarin sallama, surukar ta fito daga kicin ta tarar da Inna ta shimfiɗe yaron a cinya, babu nafkin, ga ta cikin farar rigarta mai guga.

"Inna, bari in kawo leda mana."

"Ƙyale mu, ni da mijina muna da magana."

Suka zauna jira. Yaro ya yi hamma, ya kama yatsan ƙafarsa, ya saki. Can sai ga abu ya taso tsuuu, ya sami Inna a haɓa, ya gangara wuyan riga. Ba ta kauce ba ko kaɗan. Ta bari ya gama, tana dariya hawaye na zuba.

"Kira ubansa a waya," ta ce. "Ki ce masa ɗansa ya yi rashin kunya."