Kular tuwon Anti Rabi

Jama'a, har yanzu mamaki bai sake ni ba.

Ina tsaye a tashar jiragen ruwa, na sha abayar sallah, ina kallon ƙaton jirgin masu yawon buɗe ido da Anti Rabi, ƙanwar Umma, take aiki a kicin ɗinsa. A littattafan soyayya, cikin irinsa ake cin abinci gaban kyandir. Shi ya sa na faki idon Umma, na bar kular tuwon da ta haɗa wa Anti a gida. Wa zai kai miyar kuka wurin nan?

Anti ta fito ta rungume ni, tana kallon hannuna.

"Ina kular?"

"Anti, ba a ciki za mu ci ba?"

"Wane ciki? Ranar da muka tsaya, rufe babban ɗakin cin abincin ake da rana, fasinjoji duk sun tafi kasuwa neman shawarma! Ke, tun azumi nake mafarkin tuwon nan."

Sai ga ƙwalla a idonta.

Da gudu Yaya, wanda ya kawo ni a mota, ya mayar da mu gida, unguwar Al Asmakh. A ƙasa Anti ta zauna da kayan aikinta, tana cin tuwon hannu baka hannu ƙwarya.

Ashe ina mafarkin jirginta, ita tana mafarkin tukunyarmu. Ku fa, me kuka taɓa rainawa a gidanku?